Wasan da Ke da Ƙarshe

A garuruwan kudancin Sakkwato, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Jabo da Sanyinna har Kebbe da Kuchi, akwai hukuncin da iyaye suka yanke tuntuni ba tare da an zauna an yi shawara ba. Yaron da aka tarar ya duƙufa gaban kwamfuta karatu yake yi, sai a sa masa albarka. Wanda kuwa aka hango a gidan gem, kan benci, fad a hannu, yana kora ƙwallo cikin talabijin, ya kama hanyar shashanci. Hukuncin yana da tushe. Tun 2015 da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, duk uban da ke burin ganin ɗansa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san wanda hannunsa bai saba da linzami da madannai ba zai ji jiki ranar jarrabawa. Da haka kwamfuta ta samu alfarma irin ta littafi, PlayStation kuwa aka ajiye ta sahu ɗaya da karta. Su ma samarin da suka iya wasan suna da tasu gardamar, irin wadda ake yi a ko'ina cikin duniya: wanne ya fi daɗi, buga gem a kwamfuta ko a na'urar da aka ƙera domin wasa kaɗai? Sai su yi ta auna kyan hoto da saurin motsi da tsadar kaya. A ganina iyaye da samarin duk sun tsallake tambayar da ta fi nauyi. Idan wasa zalla ake magana, wato hutun da mutum ke ba ransa, to na'urar da ke tsakiyar jama'a, wadda wasanta ke farawa kuma ya ƙare, ta fi kusa da abin da shari'a da hankali suka aminta da shi fiye da kwamfutar da ke cikin ɗaki an turo ƙofa.

Dole a fara da matsayin wasa shi kansa, domin a ƙasar da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya yi ribaɗi, duk maganar da ba ta bi ta zauren malamai ba ba ta yin nisa. Mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta ba ta sakar wa wasannin zaune mara ba. Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda har gobe ake biyawa a zauruka, ta hana buga shaɗaranji da nardi, wasan nan da ake jefa ƙwayar sa'a irin ta ludo, ta kuma karhanta zama wurin masu bugawa da tsayawa kallonsu, ko da yake ba ta ga laifin yi musu sallama ba. Shafi'awa sun sassauta kan shaɗaranji muddin babu caca, babu ashar, babu fitar da salla daga lokacinta. A ɗaya gefen kuma ingantattun hadisai sun nuna Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ya ƙyale Habashawa suna wasan mashi cikin masallaci har ya tsaya mata ta yi kallo, ya kuma kwantar wa Hanzala da hankali lokacin da ya tuhumci kansa da munafunci don kawai yakan koma gida ya shagala da iyali. Imamu Gazali a cikin Ihya ya gargaɗi masu tarbiyya cewa hana yaro wasa bayan an tashi makaranta yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira. Wanda ya ƙulla waɗannan bakin zare biyu wuri guda shi ne Shaɗibi, Bamaliken Andalus da ya rasu a 1388. A littafinsa Muwafaƙat ya nuna cewa abu yana iya zama halal idan aka ɗauke shi sau ɗaya, amma ya koma abin ƙi idan aka dube shi a dunƙule, wato idan ya zama aikin kullum da ya cinye rayuwar mai shi. Misalan da ya kawo masu sauƙi ne, irin su yawon shaƙatawa cikin lambuna da sauraron kukan tsuntsaye. Babu wanda zai ce mutum ya yi zunubi don ya zaga lambu da la'asar. Wanda ya wayi gari ba shi da sana'a sai zaga lambu kuwa, an san akwai abin da ya same shi.

Idan aka karɓi wannan ƙa'ida, tambayar ta sauya wuri. Maimakon a tsaya kan ko gem halal ne ko haram, sai a tambayi abin da ke tsayar da shi, domin a wurin tsayawar ne hutu ke rabuwa da shagala. Kakanninmu sun san wannan ba tare da sun karanta Shaɗibi ba. Dara da dattawa ke yi a gindin bishiya, gurabe talatin cikin ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, tana da abubuwa da yawa da ke kashe ta: abokin wasa ya tashi, wani ya matso ya ce saura shi, ladan ya kira salla, duhu ya rufe gurabe. Mai dara bai buƙatar ƙarfin zuciya na waliyyai kafin ya miƙe, tunda wasan da kansa yake sallamarsa. Masanin tarihi Johan Huizinga, ɗan ƙasar Holan, a littafinsa Homo Ludens na 1938, ya lissafa wannan cikin siffofin da ke sa wasa ya amsa sunansa: yana da filinsa, yana da lokacinsa, ana shiga, ana fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta iso wannan gaɓa ta wata hanya dabam. Da ta shigar da jarabar gem cikin kundin cututtuka na ICD-11, wanda aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022, ba ta auna cutar da irin na'urar ko irin wasan ba. Alamar farko da ta ambata ita ce mutum ya rasa iko kan lokacin farawa, da tsawon zama, da lokacin dainawa, sai fifita wasan kan sauran al'amuran rayuwa, sai ci gaba da shi alhali ana ganin ɓarnarsa, kuma yawanci a ɗauki kamar shekara ana haka. Bafaƙihin ƙarni na 14 da likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya sun haɗu kan abu ɗaya, wato iyaka.

To, a dubi gidan gem yadda yake a garuruwanmu. Shago ne ko rumfa, da talabijin ɗaya ko biyu, da benci, da janareto a waje ko batirin sola a kusurwa. Na'urar takan kasance PS2 wadda ta fito tun 2000, aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ko PS3 ta 2006, ko PS4 ta 2013 a wurin masu ɗan ƙarfi. Wasan da ya fi tashe ƙwallo ne, ko PES na kamfanin Konami ko FIFA na kamfanin EA, sai dambe irin na Mortal Kombat. Kowace karawa minti biyar ce ko goma, alƙali ya busa, a tashi. Ana biya kafin a zauna ko bayan an tashi, saboda haka aljihu yana da ta cewa. Akwai masu jira a baya, kuma bisa al'ada wanda aka ci shi ke miƙa fad, saboda haka jama'a ma suna da ta cewa. Fetur yana ƙarewa, musamman tun da aka janye tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, mai shago kuma yana da gida da iyali, dole ya rufe. Yaron da ya shiga wannan wuri, ko yana so ko ba ya so, akwai hannuwa uku ko huɗu da za su ɗaga shi daga kan benci. Sannan duk abin da ya yi a gaban idon mutane ya yi shi. In ya ci a yaba masa, in aka zura masa biyar a yi masa ba'a har gida, ya koyi haɗiye fushi, ya dawo gobe ya gaisa da wanda ya lallasa shi. Wannan ilimi ne da ba a rubuta shi a allo, kuma mutane da yawa sun girma ba su same shi ba.

Kwamfuta kuwa tun daga ƙirarta ta mutum ɗaya ce: kujera ɗaya, madannai ɗaya, linzami ɗaya, fuska dab da allo. Wasannin da suka yi suna a kanta su ma sun bi wannan ƙira. Civilization, wanda aka fara fitarwa a 1991, ya shahara da sa mutum ya ce bari ya ƙara zagaye ɗaya kawai, sai ya ji kiran asalatu. Football Manager ba shi da busar ƙarshe, kaka tana ƙarewa wata tana farawa. Waɗanda ake bugawa ta intanet irin su Dota 2 da Counter-Strike suna da karawa mai iyaka, amma an tsara su ta yadda wanda ya fita a tsakiya za a hukunta shi, a hana shi shiga na wani lokaci ko a jefa shi layin masu laifi, kuma da an gama akwai dubban baƙi a shirye su fara sabuwa. Abokin wasa ba ya gajiya domin kullum wani sabo ne. Babu mai jira a baya. Kuɗi ma ba ya tsayarwa, tunda da yawa daga cikinsu kyauta ake saukewa daga kasuwar Steam da kamfanin Valve ya buɗe a 2003. Abin da ya fi duka damuna shi ne aiki da wasa suna zaune bayan gilashi ɗaya. Masu ƙera wasanni sun gane haka da wuri: tun shekarun 1980 wasu wasannin kwamfuta ke zuwa da madanni na musamman wanda da an taɓa shi wasan zai ɓace, wani jadawalin lissafi na bogi ya bayyana, domin maigidan ofis ya zaci aiki ake yi. Uwar da ta leƙo ɗaki ta ga ɗanta gaban kwamfuta ba ta da hanyar sanin ko tambayoyin JAMB yake bita ko mota yake tuƙawa. Sau da yawa shi kansa yaron ba zai iya faɗin sa'a nawa ya ba kowanne ba. Wanda ya je gidan gem ya san wasa ya je yi, kowa ma ya sani. Na gaban kwamfuta yana iya yaudarar kansa shekara guda cur.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren kwamfuta, kuma zalunci ne a yi kamar ba a san da ita ba. Kwamfuta buɗaɗɗiya ce. Mai ita yana iya leƙa cikinta, ya sauya abin da bai yi masa ba, ya rubuta nasa. Shi kansa Counter-Strike wasu ɗalibai biyu ne, Minh Le da Jess Cliffe, suka ƙirƙiro shi a 1999 ta hanyar yi wa wasan Half-Life kwaskwarima, daga baya Valve ya saye shi. Dota ma haka ya samo asali daga gyaran da 'yan wasa suka yi wa Warcraft III. Na'urar wasa kuwa a kulle take, kuma kamfani ne ke riƙe da makulli: a 2010 kamfanin Sony ya cire damar ɗora manhajar Linux kan PS3 daga na'urorin da mutane suka riga suka saya da kuɗinsu, a 2011 kuma ya kai George Hotz kotu saboda ya fasa kullen. Jonathan Zittrain, malamin shari'a, ya yi littafi guda a 2008 yana gargaɗin cewa duniya na barin na'urorin da ke haifar da sabon abu tana komawa ga waɗanda ke ɗaure da igiyar kamfani. Mai wannan hujja zai ce: yaron Kebbe da aka ba kwamfuta yana iya zama maƙeri, wanda aka ba PlayStation kuwa mai saye ne har abada. Na yarda da rabin maganar. Sai dai a lura da abin da take yabawa. Abin yabon shi ne ƙira, da rubuta manhaja, da kwance na'ura a mayar, kuma waɗannan aiki ne, suna da gajiyarsu da ladarsu. Hujja ce mai kyau ta a saya wa yaro kwamfuta, amma ba ta nuna cewa sa'o'in da ya kashe yana harbi a kanta sun fi na ɗan gidan gem albarka ba. Cikin miliyoyin da suka buga Counter-Strike, 'yan ƙalilan ne suka taɓa buɗe fayil ɗaya su ga yadda aka ƙera shi. Haƙiƙa alfarmar waɗannan 'yan ƙalilan ce sauran ke fakewa da ita. Kuma ba gaskiya ba ne cewa babu abin koyo a wajen na'urar wasa: mai gidan gem da ya iya kwance fad ya gyara madanninsa, ya share idon da ke karanta faifai, ya haɗa sola da batir da inbata, ya riga ya kama hanyar sana'a. Ga kuma lissafin wuta da bai kamata a manta ba a yankin da Kaduna Electric ke ba haske yadda ta ga dama: PS2 ba ta cin wat 100, kwamfutar da aka haɗa musamman don manyan wasanni kuwa ɗaruruwa take sha, ban da kuɗin sayenta da ya fi ƙarfin yawancin gidaje.

Hujja ta biyu daga malamai da iyaye take fitowa, kuma ta fi ta farko zafi. Gidan gem, in ji su, matattarar yaran banza ce: ana ashar, ana faɗa, ana koyon shan taba, ana zare kuɗin cefane a kai can, ana jin kiran salla a yi kunnen uwar shegu. Risala ma ai zaman wurin ta karhanta. Kuma Malikiyya mazhaba ce ta toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk wannan yana faruwa, ba kuma zan rage masa nauyi ba. Zan ma ƙara abin da ba a cika faɗa ba: al'adar nan ta wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan, wadda yara ke ɗauka ba komai ba ce, malamai da yawa suna ganin caca ce tsantsa, domin kowane ɗaya daga cikin biyun ya zauna ne tsakanin ya ci riba ko ya yi asara, kuma hadisin da ya yi izinin sa lada a gasa ya ambaci harbi da tseren raƙuma da dawaki ne. Ayoyin Suratul Ma'ida da suka haramta caca sun faɗi dalili: tana jefa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, tana kange su daga ambaton Allah da salla. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tashi baram-baram a kan kuɗin karawa ɗaya ya ga tafsirin a aikace. Amma a duba irin waɗannan laifuffuka. Dukkansu a fili suke, suna da wuri, suna da mai shago da aka san gidan ubansa. Mai unguwa yana iya kiransa. Liman yana iya sa a kashe janareto idan an kira salla. Ana iya kafa doka cewa kowa ya biya nasa, a hana 'yan makaranta shiga kafin a tashi. Ɓarnar da ido ke gani ana iya yi mata magani. Cacar da ke cikin wasannin intanet kuwa ba ta da shago. Ana sayar wa yaro akwati a rufe, ya biya kuɗi na gaske bai san abin da ke ciki ba, ko ɗan wasa gwani ko tarkace. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne a ƙarƙashin dokar ƙasar. Babu mai unguwar da zai iya kiran wannan shago, kuma uba ba zai san an shiga ba sai ya ga asusu ya yi ƙasa. Idan toshe kafa ake nufi, sai a tambaya wace kafa ce ta fi faɗi.

Wani mai zurfin tunani zai ce na gina magana kan idon mutane, alhali addini yana neman mutum ya ji tsoron Allah a inda babu kowa. Wanda bai bar wasa ba sai don an ɗaga shi, me ya koya? Tambaya ce mai kyau, amma ta manta da yadda shi kansa addinin ke renon mutum. Da ƙarfin zuciyar kowa ya isa, da ba a shar'anta jam'i ba, da ba a sa ladan ya ɗaga murya sau biyar ba, da ba a lissafa kunya cikin rassan imani ba. Ana umartar yaro da salla tun yana ɗan shekara bakwai, lokacin da alƙalami bai hau kansa ba, domin jiki ya saba kafin zuciya ta fahimta. Gazali ya gina babin gyaran hali kan wannan: ana maimaita aiki da tilas har ya zama ɗabi'a. Yaron da ya saba da cewa wasa yana ƙarewa, ya saba da miƙa fad ga na baya, ya saba da tashi yana son ƙari, yana tara abin da zai riƙe shi ranar da babu mai kallo. Wanda aka damƙa wa na'ura marar iyaka yana ɗan shekara goma sha biyu aka ce ya tsare kansa, an ɗora masa kayan da manya ma ke kasawa, kuma abokin karawarsa kamfani ne da ke biyan ƙwararru albashi domin su gano abin da zai hana shi tashi.

Game da abin da wasannin ke ƙunsa, zubar da jini da tsiraici da gumakan wasu al'ummu, babu bambanci tsakanin na'urorin biyu. Wasan GTA ɗaya ne ko a ina aka buga shi, hukuncinsa kuma yana bin abin da ke cikinsa. Iyakar abin da za a ce, abin da aka kunna a talabijin gaban mutum goma ya fi wuyar zama na assha fiye da wanda aka kunna a ɗaki.

Hujjar da ta fi ba ni aiki ita ce ta cewa katangar da nake magana a kai tana rushewa. PS5 da ta fito a 2020 tana da samfurin da ba shi da wurin sa faifai sam, komai ta intanet. Akwatunan sa'ar da na ambata suna nan a sashen Ultimate Team na FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, kuma a kan na'urar wasa aka fi buga shi. A ɗaya ɓangaren, ana iya jona fad biyu a tsohuwar laftof ta hannu, a ɗora PES, a zauna a tsakar gida mutum shida. Haka ne. Wannan yana nuna cewa abin da nake karewa tsari ne, roba da ƙarfe ba su da lada ko zunubi. PlayStation da yaro ya kulle kansa da ita a ɗaki, da abin ji a kunne, yana karawa da baƙi har tsakar dare, ta zama kwamfuta a duk abin da na zarga. Laftof da aka fito da ita tsakar gida ana karɓa-karɓa ta zama gidan gem a duk abin da na yaba. Sai dai kada a wuce gona da iri a ce na'ura ba ta da tasiri. Alƙarafi, wani Bamaliken, ya yi bayani a littafinsa Furuƙ cewa hanya tana ɗaukar hukuncin inda take kaiwa, kuma ana duban inda ta fi yawan kaiwa. Na'urar da aka ƙera da ramin fad biyu domin a jona ta da talabijin na falo tana jan mutane su taru. Wadda aka ƙera domin cinya ɗaya tana jan mutum ya keɓe. Ana iya saɓa wa kowace, amma sai an yi niyya. Akwai kuma wata fa'ida ta tsohuwar na'ura da mutanen jihar nan suka gani da idonsu. A Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na Sakkwato saboda 'yan bindiga, duk wasan da ke rataye da sabis ya mutu nan take a wuraren da abin ya shafa, faifan PS2 kuwa bai san an yi ba. Ko a ƙasashen da sabis ba ya yankewa haka abin yake ta wata fuska: a ƙarshen Maris 2024 kamfanin Ubisoft ya kashe wasan The Crew, waɗanda suka saya da kuɗinsu suka wayi gari ba su da komai.

Akwai gurbi ɗaya a maganata da ba zan iya cikewa da gidan gem ba. Wuri ne na maza. Yarinya a Kebbe ko Tambuwal ba za ta zauna kan wannan benci ba, iyayenta ba za su bari ba, ni ma ban ce su bari ba. Idan haƙƙin hutu da Gazali ya ambata ya haɗa da ita, kuma hadisin 'yartsanar Nana A'isha yana nuna ya haɗa, to nata wurin shi ne cikin gida, tare da 'yan'uwa, a inda uwa ke wucewa. Nan ma tsarin ɗaya ne: a fili, da abokan wasa na zahiri, da lokacin tashi.

Gwamnatoci da majalisun malamai sun gwada sa iyaka daga sama. A 2019 majalisar malaman Aceh ta Indunusiya ta ba da fatawar haramta wasan PUBG, majalisar dokokin Iraƙi ma ta kaɗa ƙuri'ar hana shi a shekarar. A Agustan 2021 Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. Mu ba mu da ƙarfin Sin na bin kowane asusu, fatawar haramci kuma a mas'alar da malamai suka saɓa ba ta cika kama zukata ba. Shehu Usmanu da kansa, a rubuce-rubucensa na ƙarshe irin su Najmul Ikhwan, ya ja kunnen almajirai kan tsananta inkari a wuraren saɓani. Abin da muke da shi shi ne unguwa da idon jama'a. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a yi murna duk lokacin da tsadar fetur ta rufe wani gidan gem. Yaran da ke cika bencin ba islamiyya suka ƙaru da ita ba, ba kuma kwamfutar JAMB suka koma ba, tunda yawancinsu ba su da ita. Wayar hannu suka koma, inda Free Fire na 2017 da PUBG Mobile na 2018 ke jiransu, na'urar da ta fi kwamfuta keɓewa, tana shiga aljihu, tana shiga aji, tana shiga ƙarƙashin bargo bayan an kashe fitila, kuma kuɗin data da take ci ba a hannun mai shagon da aka sani yake faɗawa ba.